Sa'a da Nahisa a Kalandar Hindu: Ina Lissafi Ya Tsaya, Ina Hukunci Ya Fara?

Duk wanda ya taso da kallon finafinan Indiya ya san wannan fitowar. Iyayen yaro da na yarinya sun daidaita, an raba kayan zaƙi, sai kowa ya juya ga wani dattijo mai zane a goshi. Shi kuwa ya buɗe wani ɗan littafi cike da layuka da lambobi, ya ƙirga a gaɓoɓin yatsunsa, sannan ya faɗi ranar ɗaurin aure da lokacinsa. Sunan littafin nan pancanga, kuma aikinsa ya wuce sa ranar biki. Da shi ake sanin ranar azumi da ranar idi, da lokacin aza harsashin gini, da lokacin buɗe sabon kanti ko fita tafiya. Jaridu da dama a Indiya suna buga taƙaitaccensa kullum safiya, yanzu kuma ya koma cikin waya.

Tunanin da ke ƙarƙashinsa ba baƙo ba ne ga Bahaushe. Kalmar sa'a a bakinmu tana nufin yanki na lokaci, tana kuma nufin dace, kuma mun san ranar da ake kira ta nahisa, mun san yadda mutanen da can suka ɗauki Larabgana a ƙarshen Safar. Bambancin shi ne a Indiya an mai da abin tsari rubutacce, mai malamai da littattafai da maɗaba'u, an kuma ɗinke shi da ilimin falaki na gaske. Wannan ɗinkin ne nake son in warware. Da'awata ita ce pancanga abu biyu ne a bango ɗaya: lissafin tafiyar rana da wata, wanda ake iya gwadawa da ido a gyara, da kuma hukunci kan kyau ko munin lokaci, wanda ba ya fitowa daga lissafin amma yana cin albarkacin kwarjininsa. Wanda bai raba su ba, ko dai ya raina ilimi mai daraja, ko ya gaskata abin da ilimin bai faɗa ba.

Ma'anar pancanga a harshen Sanskirit ita ce gaɓoɓi biyar. Ta farko, wadda ta fi kowace nauyi, ita ce tithi. Ana yawan fassara ta da ranar wata, amma fassarar tana ɓatarwa, domin tithi ba ta da ruwa da fitowar rana ko faɗuwarta. Ita ce tsawon lokacin da wata yake ɗauka kafin ya ƙara wa tazarar da ke tsakaninsa da rana digiri 12. Da'ira digiri 360 ce, saboda haka kowane wata yana da tithi 30: goma sha biyar na ɓangaren haske, daga haɗuwar wata da rana zuwa cikarsa, goma sha biyar na ɓangaren duhu. Da yake gudun wata ba ɗaya ba ne kullum, wata tithi ba ta kai awa 20 ba, wata kuma ta haura awa 26. Tana iya farawa da hantsi, tana iya ƙarewa da tsakar dare. Yini kuwa a wurinsu daga fitowar rana yake farawa, don haka aka kafa ƙa'ida cewa tithin da rana ta fito ta tarar, ita ce sunan wannan yini. Daga nan ake samun abin da ke ba baƙo mamaki: tithin da ta shiga bayan fitowar rana ta fita kafin fitowa ta gaba ba ta samun yini, sai a ga kalanda ta tsallake daga 6 zuwa 8, wadda kuma ta tarar da fitowar rana biyu sai a maimaita ta. Wannan ba kuskuren ɗab'i ba ne. Hanya ce ta cusa tithi 30 cikin watan da tsawonsa kwana 29 da rabi ne.

Gaɓa ta biyu ranakun mako ne, kowace da sunan rana ko wata ko ɗaya daga taurari biyar masu tafiya. Ta uku nakshatra, wato masaukan wata guda 27, kowanne digiri 13 da minti 20. Almajirin da ya karanci hisabi a zaure zai gane su nan take, don 'yan uwan manzilolin wata 28 ne na littattafan Larabci. Masauki na uku a jerin Indiya, Krittika, shi ne Surayya, tarin taurarin da muke kira kaza da 'ya'yanta. Ta huɗu yoga, ana samunta ta hanyar haɗa matsayin rana da na wata a raba gida 27. Ta biyar karana, rabin tithi. A kan waɗannan akwai dabarar daidaita shekarar wata mai kwana 354 da ta rana mai 365: duk watan da ya shige rana ba ta sauya buruji a cikinsa ba, sai a ɗauke shi a matsayin ƙari, abin da ke faruwa kusan duk bayan wata 32 ko 33. A 2023 an yi watan Shravana sau biyu. Shi ya sa bikin Diwali ba ya barin Oktoba da Nuwamba, alhali Ramadan yana zagaya damina da rani da hunturu cikin shekara 33, tunda Musulunci ya hana irin wannan ƙarin.

Duk abin da na lissafa zuwa nan magana ce kan sama, kuma sama tana iya ƙaryata ta. Idan mai pancanga ya ce wata zai cika da ƙarfe kaza, ko za a yi husufi ranar kaza, ana iya fita tsakar gida a duba. Ilimi ne mai tsawon tarihi. Aryabhata ya kammala littafinsa a 499, Brahmagupta ya rubuta nasa a 628, kuma a zamanin Halifa Mansur aka kai irin waɗannan littattafai Bagadaza, inda aka san su da Sindhind, har Alkhawarizmi ya gina jadawalinsa a kansu. Lambobin da muke rubutu da su yau ta wannan hanya suka biyo.

To, a ɗauki lokacin da ya fi kowane shahara a cikin lokutan nahisa, musamman a kudancin Indiya: Rahu kalam. Ana auna tsawon yini daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, a raba gida takwas, a ba Rahu kashi ɗaya. Idan rana ta fito ƙarfe 6 ta faɗi ƙarfe 6, kowane kashi minti 90 ne. Ranar Litinin Rahu yana da kashi na biyu, 7:30 zuwa 9:00. Asabar na uku, Juma'a na huɗu, Laraba na biyar, Alhamis na shida, Talata na bakwai, Lahadi na takwas, wato 4:30 zuwa 6:00 na yamma. Kashi na farko bai taɓa zama nasa ba. A Delhi cikin watan Yuni, inda yini ke kai kusan awa 14, kashin yana miƙewa zuwa wajen minti 105, shi ya sa masu tsanantawa ba sa yarda da jadawalin bango sai an yi lissafi da fitowar ranar garinsu. A cikin wannan lokaci ba a sa hannu a yarjejeniya, ba a fita neman aure, ba a karɓo sabuwar mota. Akwai wasu kaso biyu masu irin wannan tsari, Yamagandam da Gulika, a Gujarat da Rajasthan kuma an fi bin wani jadawali da ake kira coghadiya.

Shi Rahu ɗin wane ne? A tatsuniyar addini wani aljani ne da ya saci kurɓin ruwan dawwama, rana da wata suka tona shi, abin bautarsu Vishnu ya fille masa kai, kan ya zama Rahu gangar jikin ta zama Ketu, kuma yana haɗiye su lokaci lokaci don ramuwa. A ilimin falaki kuwa Rahu da Ketu su ne wurare biyu da hanyar wata take gicciye hanyar rana, waɗanda malaman falaki na Musulunci suka kira kai da wutsiya. Husufi ba ya yiwuwa sai a kusa da su, don haka lissafa su wajibi ne, kuma masanan Indiya sun iya shi sosai. Wuraren nan suna ja da baya a hankali, suna zagaye falaki cikin shekara 18 da 'yan watanni, wato Rahu yana shafe kusan shekara ɗaya da rabi a buruji guda.

Nan ne gaɓar hujjata. Abin da yake shekara ɗaya da rabi bai bar buruji ba, ta yaya zai zama da safe ranar Litinin, da la'asar ranar Talata, da tsakar rana ranar Laraba? Babu wata alaƙa tsakanin inda Rahu yake a sama da lokacin da aka sa wa sunansa. Mai lissafa Rahu kalam ba ya buƙatar sanin matsayin Rahu ko kaɗan. Abu biyu kawai yake nema: yau wace rana ce a mako, kuma yaushe rana ta fito ta faɗi. Mako kuwa ƙirgen mutane ne, babu wani abu a sama da ke zagayowa duk kwana bakwai. Amma da yake an buga shi a shafi ɗaya da lokacin cikar wata, da irin lambobi ɗaya, har da minti, mai karatu yana ba su amana iri ɗaya. Haka abin yake ga sauran hukunce-hukuncen. Cewa wata yana masaukin Rohini lissafi ne. Cewa Rohini ta dace da aure al'ada ce da aka gada daga littattafan zaɓen lokaci, irin su Muhurta Cintamani da aka rubuta a Varanasi wajen 1600.

Su kansu masanan Indiya sun daɗe da sanin wannan tsaga. Sun raba iliminsu rassa uku, suka ware lissafi daban da duban alamu da duban haihuwa. Aryabhata ya bayyana cewa husufin wata inuwar ƙasa ce, Varahamihira na Ujjain ya bi bayansa a ƙarni na 6. Brahmagupta, wanda ya san lissafin sarai kuma yana aiki da shi, ya soki masu kore Rahu don sun saɓa wa nassin addini. Albiruni, a littafinsa kan Indiya da ya kammala wajen 1030, ya tsaya a kan wannan wuri da takaici, yana ganin babban malami ya faɗi abin da ya san ba haka yake ba don gudun fushin jama'arsa. Ina ganin wannan shafi na Albiruni ya cancanci kowane ɗalibin tarihin ilimi ya karanta shi, domin matsin da ya hango bai keɓanta da Indiya ba.

Sai dai adalci ya sa a faɗi abin da ke raunana da'awata, kuma yana da ƙarfi. Rabuwar da nake yi a takarda ba ta faru a tarihi ba. Buƙatar sanin lokacin ibada da lokacin sa'a ita ce ta ciyar da masu lissafi ƙarni bayan ƙarni. Ba don sarki yana son ranar naɗi ba, ba don manomi yana son ranar aurar da 'yarsa ba, da ba a sami mai biyan wanda zai kwana yana duban wata ba. A Kerala, Parameshvara ya shafe fiye da shekara 50 yana lura da husufi, ya ga tsohon lissafi ya kauce wa abin da ido ke gani, ya fito da gyararren tsarinsa a 1431. Wannan halin masanin kimiyya ne, kuma cikin hidimar kalandar ibada aka yi shi. Na yarda da haka. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce tunda uwa ɗaya ta haife su, gaskiyar ɗaya ta zama shaidar ɗayan. Har yau a Tamil Nadu ana buga pancanga iri biyu: masu bin tsofaffin jimlolin haddar da ake kira vakya, kamar shahararren nan mai hoton maciji a bango da ake bugawa a Chennai tun ƙarshen ƙarni na 19, da masu bin lissafin da ya dace da gani. Sukan saɓa da awoyi kan ƙarshen tithi ɗaya. Gidajen ibada da yawa sun riƙe na farko duk da an san na biyu ya fi daidai da sama. Da ingancin sa'a yana rataye da ingancin lissafi, da tuni ɗaya ya kori ɗaya.

Gwamnatin Indiya ta taɓa gwada raba gardamar. A 1952 aka kafa kwamitin gyaran kalanda ƙarƙashin Meghnad Saha, masanin kimiyyar taurari da duniya ta san shi, da N. C. Lahiri a matsayin sakatare. Sun tarar da kalanda kusan 30 ana aiki da su a ƙasar: wasu suna ƙare wata da duhunsa, wasu da cikarsa, wasu suna ƙirga shekara daga 57 kafin Miladiyya, wasu daga 78 bayanta. Rahotonsu ya fito a 1955, aka ƙaddamar da kalandar ƙasa ranar 22 ga Maris 1957, daidai da 1 ga watan Caitra 1879 a ƙirgen da ya fara daga 78. Saha bai ga ranar ba, ya rasu a 1956. Kalandar tana da tsabta, watanninta suna tafiya da yanayin shekara, amma ba ta wuce jaridar gwamnati da sanarwar rediyo ba. Mutane ba lambar rana suke nema ba, tunda kalandar Turawa ta ba su wannan. Suna son a gaya musu halin ranar. Wanda ya fahimci haka shi ne Jayant Salgaonkar, da ya fara buga Kalnirnay a Mumbai a 1973, ya juya tsofaffin ma'aunan lokaci zuwa awa da minti yadda uwargida za ta duba da kanta ba sai ta aika wurin malami ba.

Akwai ma gyaran da kwamitin bai iya yi ba. Saboda wata 'yar karkata da ƙasa ke yi a juyawarta, burujai suna zamewa daga yanayin shekara da digiri ɗaya duk shekara 72, kuma zamewar ta kai kusan digiri 24 yanzu. Bikin Makar Sankranti na 14 ko 15 ga Janairu ana ɗaukarsa ranar da rana take juyowa arewa, alhali ta juyo tun 21 ko 22 ga Disamba. Kowane mai pancanga ya san wannan. An bar shi don jama'a sun saba.

Abin da ya faru a Diwalin 2024 ya ƙara fito da lamarin fili. Tithin duhun wata ta shiga da la'asar ranar 31 ga Oktoba, ta fita jim kaɗan bayan faɗuwar rana ranar 1 ga Nuwamba. Ba wanda ya yi jayayya kan waɗannan lokuta. Jayayyar ita ce wace rana za a yi bautar allahiya Lakshmi, wadda ake yi da magariba: ranar da tithin ta mamaye daren gaba ɗaya, ko ranar da ta tarar da fitowar rana ta kuma taɓa magariba? Malamai da yawa a Varanasi suka tsaya kan 31, wasu a wasu garuruwa suka ce 1, kowa yana jawo hujja daga littattafan hukunci irin su Nirnaya Sindhu da Dharma Sindhu. Akasarin jama'a suka yi ranar 31, kasuwannin hannun jari na Mumbai kuma suka yi zamansu na awa ɗaya na neman albarkar sabuwar shekara ranar 1. Mu da muka san yadda ake kwana ana jiran sanarwar ganin wata ba za mu yi mamaki ba. Na'ura tana iya faɗin inda wata yake, amma wace rana ce idi tambaya ce ta fiƙihu, kuma mutane ne ke amsa ta.

Idan haka ne, me ya riƙe tsarin a raye? A ganina amfaninsa na zaman tare ne. Yana ba dangi biyu wani na uku da zai yanke magana ba tare da kowa ya ji an fi shi ba. Yana ba mai fargabar sabon al'amari wani abin riƙewa. Kuma an gina shi da ƙofofin fita da yawa, abin da masu sukarsa daga nesa ba su cika lura da shi ba. Farawa kawai ake hanawa, aikin da ke tafiya ba ya tsayawa, jirgin ƙasa ba ya jiran Rahu. Wanda tafiya ta kama shi a mugun lokaci yana iya kai jakarsa gidan maƙwabci tun da sa'a, a ɗauka ya riga ya fita. Akwai minti 48 a tsakiyar yini, Abhijit, da ake ganin yana wanke yawancin aibobi, akwai kuma ranaku irin su Akshaya Tritiya da ba a buƙatar duba komai. Mata a Tamil Nadu suna zaɓar Rahu kalam ɗin kansa don kunna wa allahiya Durga fitila. Har 'yancin ƙasar an ruwaito cewa ta irin wannan ƙofa ya bi: masu duba suka ce 15 ga Agusta 1947 ba ta da kyau, sai majalisa ta zauna a daren 14, aka karɓi mulki da ƙarfe 12, lokacin da a ƙirgen Ingila 15 ta shiga, a ƙirgen Hindu kuwa rana ba ta fito ba tukuna.

Damuwata tana kan inda sassaucin nan yake ƙarewa. Tsohon malamin ƙauye yana aiki da ma'aunin minti 24, yana kuma sanin halin gidan da ya zo tambaya. Manhajar waya ba ta san kowa ba, tana ba da lokaci har da daƙiƙa, kuma yawan lambobin yana sa hukuncin ya yi kama da sakamakon ɗakin gwaji. Lokacin da aka keɓe don babbar hidimar buɗe wurin bautar Ram a Ayodhya ranar 22 ga Janairu 2024, a filin da Masallacin Babri yake kafin a rushe shi a 1992, daƙiƙa 84 ne kacal. Irin wannan tsanani idan ya shiga asibiti yana da farashi. Likitoci a biranen Indiya sun daɗe suna kokawa kan iyalan da ke zuwa da takardar mai duba suna neman a yi wa mai ciki tiyata a wani ƙayyadadden lokaci, ko da tsakar dare ne, ko da cikin bai gama kai wa inda likita yake so ba. A Rajasthan kuma ranar Akshaya Tritiya, da yake kowa ya yarda da sa'arta, ta zama ranar da hukuma ke zuba ido kowace shekara don hana aurar da ƙananan yara. A duka biyun, wanda ya zaɓi lokacin daban, wanda jikinsa zai ɗauki sakamakon daban.

Tsarin mulkin Indiya, tun gyaran 1976, ya sa raya tunanin kimiyya cikin wajiban ɗan ƙasa. Duk da haka a 2001 hukumar kula da jami'o'i ta amince a buɗe sassan koyar da duban taurari, masana kimiyya ƙarƙashin P. M. Bhargava suka kai ƙara, Kotun Ƙoli ta kori ƙarar a 2004, tana mai cewa tsara manhaja aikin masana ilimi ne, kotu ba za ta sa baki ba. Masu ƙarar ba su nemi a daina karanta Aryabhata ko Parameshvara ba, kuma cibiyar gwamnati da ke Kolkata tana ci gaba da fitar da pancangar ƙasa kowace shekara da lissafin zamani ba tare da wani ya yi ƙorafi ba. Abin da suka nema shi ne kada jami'a ta sa hatiminta a kan rabin da ba a iya gwadawa. A Jami'ar Hindu ta Banaras har yanzu sashe ɗaya ne yake koyar da rassan biyu, lissafin da duban.